Maki Dubu da Ba Nawa Ba

Litinin, 1 ga Satumba

Likitar motsa jiki ta ce in riƙa rubutu da hannun dama kullum, ko layi biyu ne, don yatsun su tuna aikinsu. To ga shi ina yi. Rubutun sai ka ce kaza ta yi tono a kan takarda. Ni da nake jan layin walda a jikin ƙofa mutum ya rantse inji ne ya yi.

Sun ce ƙaramar shanyewar ɓarin jiki ce, in gode wa Allah. Na gode. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, hannun ne ya ƙi. Babban yatsa da manuni, su biyun da na ci abinci da su tun ina saurayi.

Maman yara ta ɓoye makullin mota. Ta ɗauka ban san yana cikin jakar ɗinkinta ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Manaja ya zo. Haka ma'aikata suke kiran babban ɗana tun da na kwanta, har Dogo, wanda ya fara aiki da ni kafin a haife shi. Ni ma na kama kiransa haka, amma ni da manufa nake faɗa, kuma ya sani.

Ya shigo da kwali a hammata. Tsohuwar na'urar gem ɗinsa ce, ta wasa a talabijin, ta lokacin makaranta, wadda na sha cewa wata rana zan ɗora mata guduma. Wai likita ce ta gaya masa danne-dannen rimot ɗin yana taimakon yatsu. Ya haɗa ta da talabijin ɗin falo, ya buɗe min akawun, ya ce wane suna za a sa. Na ce ya sa Mai Walda, tunda ni har yanzu abin da nake ke nan, ban zama manaja ba.

Na ce masa ni ba yaro ba ne. Ya ce, “Baba, magani ne, ka ɗauke shi kamar ƙwaya.” Na tambaye shi tagogin makarantar nan da aka ba mu, an gama? Ya ce, “Kar wannan ya dame ka, kai dai ka huta.”

Ka huta. A shagon da na fara da injin walda guda ɗaya ƙarƙashin rumfar kwano mai yoyo, babu uban da ya ba ni ko ƙusa. Wai kar ya dame ni.

Ban taɓa abin ba.

Talata, 9 ga Satumba

Na taɓa shi. Gidan babu kowa, labarai kuma maimaici ne.

Tuƙin babbar mota ne. A loda maka kaya, ka kai wani gari. Na faɗa rami, na kwashe fitilar kan hanya, na kifar da lodin katako a gonar mutane. Manunin dama ne ke taka mai, nawa kuma bai san a hankali ba. Ko ya ƙi dannawa, ko ya danne har ƙasa motar ta zabura.

Amma da na lallaɓa na kai lodin farko, sai wani ɗan akwati ya fito a kusurwar talabijin, da ƙara, ƙirin, kamar noti ya faɗi a kan faranti. Turancina na sakandare ya isa in karanta: lamba ce ta wanda ya kai kayansa na farko, maki goma.

Maki goma. Tun da na kwanta babu mai ce min na yi wani abu. Daga sannu sai ya jiki.

Asabar, 13 ga Satumba

Na gane tsarin. Lambobi ne da yawa, kowace da aikinta da makinta, idan ka haɗa duka maki dubu ne cif. Akwai ta ajiye mota da baya a lungu ba tare da gogar bango ba. Akwai ta yin doguwar tafiya ba tare da an ci ka tara ba. Abin da ya burge ni, ba a saye, ba a roƙo, ba a tambayar ɗan waye kai ko wace makaranta ka yi. Ka yi aikin, a ba ka. Ba ka yi ba, ko kuka za ka yi ba za ta yi ƙirin ba. Da haka ake raba kwangila da tuni na fi haka.

Akawun ɗin Manaja na nan a gefen nawa, makinsa dubbai, wasanni kala-kala. Yanzu na san abin da ake yi a ɗaki lokacin da ake ce min ana karatun jarrabawa.

Lahadi, 21 ga Satumba

Dogo ya zo duba ni, ya same ni da rimot a hannu, ban samu damar tura shi ƙarƙashin matashi ba.

“Maigida, kai ne da wasan yara?”

Na ce aikin likita ne, ya zauna ya rufe min baki. Ba a jima ba sai ga shi a gefen kujera yana ihu, “Birki, Maigida, birki! Za ka kashe mu!” Ƙaton mutum da furfura.

Da na kashe talabijin na matsa masa ya ba ni labarin shago. Yana ta zillewa. Da ƙyar na ciro cewa an ɗauke bencina na bakin ƙofa an kai baya wajen tarkace, an sa wani injin yankan ƙarfe mai aiki da kwamfuta a wurin. An sake fentin allon shago. Yanzu wai kamfani ake cewa, ba shago ba. Babu wanda ya tambaye ni ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Yana fita ya ce, “Yaron yana ƙoƙari fa, Maigida.” Na ce ban tambaye ka ba.

Bencin nan ni na haɗa shi da guntayen ƙarfen da na tsinto a bola, ranar ko kuɗin abinci babu.

Juma'a, 26 ga Satumba

Maki ɗari uku da arba'in. Na sa maɓallan riga da kaina har na wuya.

Laraba, 1 ga Oktoba

Yau na faɗa musu, a gaban Maman yara da Manaja da matarsa, don kowa ya zama shaida. Na ce ranar da na cika dubun nan da hannun nan, washegari ina shago, zan ɗauki walda, zan koma kan kujerata.

Suka kalli juna. Irin kallon nan da ake yi a kan mara lafiya ana tsammanin ba ya gani.

Manaja ya ce, “Baba, ai wannan likita ce za ta faɗa.” Na ce likita ba ta taɓa riƙe walda ba. Na nuna masa lamba ta ƙarshe, mai maki hamsin: lodin gilashi, a sauko da shi daga kan dutse, cikin ruwan sama, hanya duk kwana-kwana, kada ko ɗaya ya tsage. Na ce hannun da zai iya sauko da wannan zai iya jan layi a kan fallen ƙarfe mafi siriri. Abu ɗaya ne, nauyin hannu ne. Kada ka danne, kada ka saki.

Ya ce, “Wannan ni ma na sha wuya a kanta.” Na ce kai ke nan.

Maman yara ta ce tunda take ba ta taɓa ganin inda talabijin ta sallami mara lafiya ba. Suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Ɗari tara da hamsin. Saura gilashin.

Likita ta auna ƙarfin matsewar hannuna ta ce an samu ci gaba sosai. Na ce ai ba ƙarfi nake nema ba, ƙarfi ko jaki yana da shi.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Kwana ta uku a hanyar dutsen. La'ananniyar kwana ta uku.

Ta farko da ta biyu na haddace su kamar hanyar gidana. Ta ukun gangara ce mai santsi, ga dutse a hagu, ga rami a dama. Ina zuwa wurin sai manunin ya yi wannan 'yar zaburar tasa, motar ta yi gaba, sai ka ji tas a baya. Ƙarar fashewar gilashin nan har a sallah nake jinta.

Jiya sau ɗaya na wuce ta lafiya, na hango garin a ƙasa, fitilunsa, zuciyata na bugawa kamar ranar da aka fara ba ni aikin get babba. Sai yatsan ya ci amanata a kan miƙaƙƙiyar hanya, inda ko makaho zai wuce. Na yi jifa da rimot, Allah ya sa kujera ya samu.

Maman yara ta tsaya a bakin ƙofa da faranti. “Abinci ya huce sau biyu. So kake ka sake faɗuwa a kan motar da ko tayarta ba za ka iya taɓawa ba?” Ta ɗauko abin awon jini ta ɗaura min da ƙarfin tsiya. Ya hau. Na ce injin ne ya lalace.

Ba ta gane ba. Babu wanda ya gane. Saura kaɗan, ni na san saura kaɗan, a yatsan nake ji.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Na dawo daga asibiti na tarar da motar Manaja a ƙofar gida, da rana tsaka, lokacin aiki. Na shiga falo, yana zaune a wurina, rimot a cinyarsa, yana murmushi kamar wanda ya kawo tsaraba. Talabijin a kunne. A kusurwa, ƙarƙashin Mai Walda, dubu.

Ya ce, “Baba, an gama. Na sauko maka da gilashin. Yanzu sai ka huta.”

Na tsaya. Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce a akawun ɗin wa? Ya ce, “Naka mana, ai shi ne mai matsalar.” Har da cewa bai daɗe a kai ba.

Ban san lokacin da na fara ba. Na ce wa ya aike ka? Na ce ka ɗauke bencina na yi shiru, ka sauya allona na yi shiru, ka mayar da ma'aikatana naka na yi shiru, abu ɗaya da ya rage min a gidan nan, na wasan yara ma, shi ma sai da ka sa hannu? Ya miƙe yana cewa, “Baba, wallahi taimako na yi niyya, Mama ce ta ce jininka…” Na ce tun da nake ban taɓa sa sunana a kan aikin wani ba, ko maratayin ƙofa idan ba ni na yi ba ina faɗa, yau kai ka sa min. Na kira shi ɓarawo. Na faɗa, a gaban uwarsa. Na ce ɗan da bai san zafin tartsatsi ba, komai a faranti aka miƙa masa, dole ya ɗauka haka ake yi wa kowa.

Ya ajiye rimot ɗin a kan tebur a hankali kamar ƙwai, ya sa takalmi, ya fita.

Maman yara ta ce, “A kan gem ka kira ɗanka ɓarawo.” Na ce ba a kan gem ba ne. Ta ce to a kan me? Na shige ɗaki.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na taka har bakin titi wajen mai gyaran waya, wanda ke sayar da irin waɗannan kaya. Na ce wani abokina ne ke tambaya, idan lamba ta fito bisa kuskure, ana iya goge ta? Ya ce ina, idan ta fito ta fito har abada. Na ce to idan mutum ya sake yin aikin da kansa fa? Ya ce zai iya yi sau ɗari, amma ba za ta sake yin ƙara ba, sau ɗaya take zuwa. Ya ce, “Ka ce wa abokin naka ya yi murna, Baba, mutane nawa ke nemanta.”

Murna.

Ko yau na sauko da gilashin nan babu abin da zai nuna. Shiru za ta yi. An cinye min ƙirin ɗina.

Asabar, 18 ga Oktoba

Dubun na nan tana kallona. Na rufe talabijin da zanin tebur.

Talata, 21 ga Oktoba

Na buɗe sabon akawun da kaina. Na sha wuya da harufan nan, amma ban kira kowa ba. Na'urar ta ƙi karɓar Mai Walda, wai akwai mai sunan. Akwai mai sunan! Na sa Mai Walda Na Gaske.

Sifili. Lodin katako, rami, fitilar kan hanya, daga farko.

Maman yara ta leƙo ta ga sifilin, ta riƙe haɓa. “Duk wahalar nan ka zubar? Kai dai Allah ya yi ka da taurin kai, da ƙarfe ne da an yi get da shi.” Na ce ai an yi, gidan da take ciki da shi aka gina.

Ina ta tunani: da gaske taimako ya yi niyya, ko so yake maganar komawata shago ta mutu? Idan na ce na cika dubu, ya san ba ni na cika ba, ni ma na sani. Idan na ce ban cika ba, ga ta a rubuce. Ta ko'ina ya ɗaure ni. Yaron ba wawa ba ne, ni na biya aka koya masa lissafi.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Bai zo ba. Matarsa ce ta zo gaisuwa ita kaɗai, ta ce aiki ne ya riƙe shi. Ranar Lahadi. Shagon da ni na kafa dokar rufe shi ranar Lahadi.

Lambobin farko suna zubowa kamar ruwa, abin da ya ci min mako yanzu kafin la'asar na gama. Ya kamata in ji daɗi. Ƙarar ce dai ba ta da daɗin da, kamar an ɗumama abincin jiya.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na je shago. Ban gaya wa kowa ba, na tari tasi. Na ce a raina ai talabijin ta rubuta dubu, ko ta wa ce, kuma ni ba na buƙatar takardar izini in shiga wurina.

Wurin ya yi tsaf, ban ji daɗin hakan ba. An ja layin fenti a ƙasa, kowa da gilashin ido da safar hannu. Injin kwamfutar yana yankan fure a jikin falle, abin da nake kwana biyu a kai, kafin ka sha ruwa ya gama. Yanka mai kyau. Na duba bakin da yatsa ina neman aibi, ban samu ba.

Ma'aikata suka taso, Maigida, Maigida, sannu da jiki. Sababbi biyu ma ba su san ni ba, ɗaya ya tambaye ni ko oda na kawo.

Dogo yana haɗa firam ɗin taga. Na ce ba ni. Ya ce, “Maigida…” Na ce ba ni, na ce. Ya miƙo min, ya sa min garkuwar fuska da kansa. Ina jin Manaja ya fito daga ofis yana ce wa ma'aikata su tafi cin abinci, alhali lokaci bai yi ba. Suka watse. Shi ya tsaya can nesa, hannu a aljihu.

Warin nan. Ƙarar nan. Na ɗauka zan yi kuka a cikin garkuwar, Allah ya sa babu mai gani.

Na ɗora, na fara ja. Rabin farko ya tafi sumul, wallahi kamar da. Sai yatsan ya zabura. Sandar waldar ta manne, na fizge, na sake ɗorawa, na huda fallen. Na ɗaga garkuwa na duba. Layi kamar tsutsa ta sha duka, ga rami a tsakiya. Da ɗan koyo ne ya kawo min wannan da na kore shi gida ya yi tunani.

Dogo ya kama kallon rufi.

Manaja ya matso. Na jira ya ce ka huta, na riga na shirya abin da zan faɗa masa. Sai ya ce, “Baba, a bar shi ko a gurje?”

Na ce a gurje. Wannan ba zai fita da sunana ba.

Ina cikin tasi ina jin ƙarar injin gurza a kunnena, ko da yake mun yi nisa.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Ba na jin yin rubutu. Likita ta tambaya, na ce biro ne ya ƙare.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Ɗari tara da hamsin, a karo na biyu, kowane maki nawa ne. Ga ni ga gilashin kuma. Kwana ta uku tana nan inda na bar ta, ba ta yi kewata ba.

Yau ma bai zo ba. Maman yara ta daina yi min magana a kai, sai dai ta ajiye faranti da ƙarfi.

Wani abu ke damuna. Ya ce bai daɗe a kai ba. Ta yaya? Yaron da ko guduma bai iya riƙewa daidai ba. Ko dai akwai abin da yake yi a wurin da ni ban gani ba.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na kira shi a waya a kan maganar fentin allo, na ce launin bai yi ba, daga nesa ba a karantawa. Ya ce to Baba, za a duba. Ina jin injina suna aiki a bayansa.

Na ce, af, kwanar nan ta uku, a ina kake sakin mai?

Sai ya ce, “Ba ta faɗuwa a waya. In zo?”

Na ce ban ce ka zo ba, tambaya na yi.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Ya zo bayan azahar. Ya gaishe ni a tsugune kamar baƙo. Babu wanda ya tayar da maganar ranar nan. Uwarsa ta kawo ruwa ta tsaya tana gadinmu, sai da na ce ko sarƙa za ta ɗaure mu da ita sannan ta fita.

Kafin ya taɓa rimot ya ce, “A nawa zan nuna maka.” Ya shiga akawun ɗinsa, ya nuna min sunan a kusurwa don in gani da idona. Na ce na gani, ba makaho ba ne ni.

Abin haushi, ashe ba wani abu ba ne. Tun kafin allon gargaɗi yake ɗauke yatsa daga mai gaba ɗaya. Ya bar nauyin motar ya ja ta, yana ɗan taɓa birki da hagu. Hannun dama ba ya komai a kwanar, a kwance yake. Ni kuma duk tsawon lokacin nan ina ta kokawa da manunin, in danna kaɗan, in riƙe, in gwada masa ni ne maigida. Na ce wannan ai tuƙin matsorata ne. Ya ce, “Eh, amma gilashin na isa.”

Ya ce ana iya mayar da mai ɗin zuwa hannun hagu idan ina so, a cikin saitin na'urar. Na kalle shi. Ya ce, “To a bar shi.”

Na karɓa na shiga nawa. Ya zauna a ƙasa gefen ƙafata, kuma na lura ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyarsa ya danne. Da muka zo allon na ji numfashinsa ya tsaya, bakinsa na motsi, amma ya ƙyale ni. Na saki man a makare. Tas.

Ya ce, “Sake, Baba.”

Haka nake ce wa 'yan koyo. Ban san ya taɓa saurara ba.

Na sake har aka kira la'asar. A na ƙarshe biyu kawai suka tsage.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Dogo ya kira da safe, wai wani ya kawo aikin get mai faɗi, wane kaurin falle za a sa, yana so ya ji daga bakina. Na san amsar tun kafin ya rufe baki. Na ce ya tambayi Manaja, shi ke wurin, shi ya ga aikin. Ni ina da abin da nake yi.

Ba wai na fasa ba ne. Maganata na nan, sai na cika dubun. Kawai dai ba na gaggawa, kuma tagogin makarantar an kai su, ba a dawo da ko ɗaya ba.

Yau ɗaya ne ya tsage. Ɗauke yatsan ya fi dannawa wuya, wannan Manaja bai faɗa min ba.

Manaja ya ce zai leƙo ranar Lahadi. Ni ban ce ya zo ba. Na dai sa Maman yara ta taya ni matso da kujerar nan ta lungu kusa da tawa. Ta tambaye ni ta wa. Na ce falon ne ya fi kyau a haka.